Yadda ake auna ƙarfin binciken likitanci kafin a yi aiki da shi

Shekara da shekaru, idan aka kai yaro asibiti zazzaɓin cizon sauro ya yi masa tsanani har ya fita hayyacinsa, maganin da likita kan fara nema shi ne kwinin. Tsohon magani ne da ake samu daga ɓawon wani icce na Kudancin Amurka, kuma an shafe fiye da shekaru 300 ana amfani da ɓawon wajen maganin zazzaɓi. Babu mai musun cewa yana aiki.

A watan Nuwamban 2010 ne mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa sakamakon wani gwaji mai suna AQUAMAT, wanda aka gudanar kan yara 5,425 a cibiyoyi 11 na ƙasashen Afirka tara, ciki har da Ilorin a Najeriya da Kumasi a Ghana. An raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su kwinin, rabi kuma aka yi musu allurar artesunate. Daga cikin yara 2,713 da suka sami kwinin, 297 ne suka rasu. Daga cikin 2,712 da suka sami artesunate kuwa, 230 ne. A watan Afrilun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sauya shawararta, ta sanya artesunate a gaba wajen jinyar yara masu zazzaɓi mai tsanani.

A kowace shekara ana wallafa dubban ɗaruruwan rahotannin binciken lafiya, amma ƙalilan ne ke sauya abin da ake yi a asibiti kamar yadda wannan ya yi. Dalili shi ne bincike suna suka tara. Akwai wanda za a iya ɗora ran majiyyaci a kansa, akwai kuma wanda iyakarsa ya nuna hanyar da ya kamata a bi a sake bincike. Rarrabe wannan da wancan ya zama fanni mai zaman kansa a aikin likita.

Daga jirgin ruwa zuwa ambulan

Tushen lamarin shi ne kwatance. Yawancin cututtuka kan tafi da kansu, wasu kuma su lafa su dawo. Idan mutum ya sha magani ya warke, babu yadda za a san ko maganin ne ya warkar da shi sai an san abin da zai faru da bai sha ba. Tunda ba za a iya mayar da mutum baya a sake gwadawa ba, sai a nemi wasu masu irin ciwonsa a kwatanta.

Masana tarihin likitanci kan fara labarin ne da James Lind, likitan sojan ruwan Birtaniya. A shekarar 1747, a cikin jirgin ruwa mai suna Salisbury, ya zaɓi matuƙa 12 masu fama da cutar nan da ke sa dasashi zubar jini da raunana jiki, wadda daga baya aka gano rashin sinadarin bitamin C ne ke kawo ta. Ya raba su bibbiyu, ya ba kowane biyu abu daban: wasu ruwan tsami, wasu ruwan teku, wasu kuma lemon zaƙi da lemon tsami. Cikin kwanaki shida lemon ya ƙare, amma ɗaya daga cikin biyun da suka sha shi ya riga ya sami ƙarfin komawa aiki. Lind ya wallafa bayaninsa a 1753. Rundunar ba ta fara raba ruwan lemo ga dukkan matuƙanta ba sai a 1795.

Gwaji irin na zamani ya fito ne a 1948, lokacin da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta wallafa gwajin maganin streptomycin kan tarin fuka. Maganin ya yi ƙaranci a ƙasar, ba zai ishi kowa ba. Masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya tsara a raba marasa lafiya 107 ta hanyar lambobin ƙuri'a da aka rufe a cikin ambulan, ta yadda likitan da ke karɓar majiyyaci bai san rukunin da zai faɗa ba sai bayan an shigar da shi. Cikin watanni shida, mutum 4 suka mutu daga cikin 55 da suka sami maganin, yayin da 14 suka mutu daga cikin 52 da aka bari da kwanciyar hutu kawai, wadda ita ce jinyar da aka sani a lokacin.

Me ya sa sai da ƙuri'a?

Idan aka bar likita ya zaɓi wanda zai ba sabon magani, ko bai yi niyya ba hannunsa zai karkata. Zai iya ba masu sauran ƙarfi, ya bar waɗanda yake ganin ba su da rabo. Idan kuma aka bar mutane suka zaɓa da kansu, waɗanda za su karɓa sukan kasance masu hali, masu ilimi, masu zuwa asibiti da wuri. Ƙuri'a ce kaɗai ke raba irin waɗannan bambance-bambance daidai tsakanin rukunan biyu, har da waɗanda babu wanda ya yi tunaninsu.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne na maganin ƙarin sinadarin jikin mata da ake ba waɗanda suka daina al'ada. Bincike da dama da aka yi ta hanyar bin diddigin mata sun nuna cewa masu shan maganin ba su cika kamuwa da ciwon zuciya ba, kuma bisa wannan likitoci a Amurka da Turai suka riƙa rubuta wa miliyoyin mata shi. Da aka yi gwajin ƙuri'a kan mata 16,608 a Amurka, sai aka dakatar da shi a watan Yulin 2002 tun kafin wa'adinsa, domin an ga ƙaruwar sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini, kuma ba a ga kariyar zuciyar da ake zato ba. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka bayar shi ne tun asali matan da ke shan maganin sun fi sauran lafiya da wadata. Har yau ana amfani da maganin wajen rage wahalhalun ɗaukewar al'ada, amma ba a bayar da shi domin rigakafin ciwon zuciya.

Bayan ƙuri'a akwai ɓoyewa. A gwaje-gwaje da yawa akan ba rukuni na biyu ƙwayar da ta yi kama da maganin amma babu komai a cikinta, kuma a ɓoye wa majiyyaci da likita wanda ya sami wanne. Wannan na da muhimmanci musamman inda abin da ake aunawa ya dogara ga yadda mutum ke ji, kamar raɗaɗi ko barci ko damuwa. A gwajin AQUAMAT ba a ɓoye ba, domin yadda ake ba da magungunan biyu ya bambanta. To amma abin da aka ƙirga shi ne mutuwa, wadda ra'ayin likita ba ya sauya lissafinta.

Abin da aka auna

Tambaya ta gaba da mai tantance bincike ke yi ita ce: mene ne aka auna? Sau da yawa masu bincike kan auna wata alama, kamar yawan sukari ko kitse a jini ko hoton na'ura, saboda ta fi saurin bayyana kuma ta fi arha. Majiyyaci kuwa damuwarsa ita ce ko zai rayu, ko zai tashi ya koma aikinsa.

A shekarun 1980 an san cewa waɗanda suka tsira daga bugun zuciya, idan zuciyarsu na yin wani irin tsalle ba bisa ƙa'ida ba, sun fi fuskantar mutuwar fuju'a. An kuma san cewa magungunan encainide da flecainide na daidaita wannan tsallen, ana gani ƙarara a takardar na'urar auna zuciya. Hankali ya ba da cewa za su ceci rayuka, har wasu likitoci suka ga bai dace a hana wani majiyyaci su da sunan gwaji ba. Gwajin CAST ya nuna akasin haka. An dakatar da ba da magungunan biyu a 1989, kuma cikakken rahoton ya nuna mutum 63 sun mutu daga cikin 755 da suka sha su, yayin da 26 suka mutu daga cikin 743 da suka sha ƙwayar da babu magani a cikinta. Na'ura ta nuna gyara, mutanen kuma suna mutuwa.

Matakalar hujja

Daga irin waɗannan darussa ne aka fito da abin da ake koya wa ɗaliban likitanci a matsayin matakalar hujja. A ƙasa akwai ra'ayin ƙwararre da gwajin da aka yi kan dabbobi ko a ɗakin gwaje-gwaje. Sama da su akwai rahoton abin da aka gani ga majiyyaci ɗaya ko 'yan ƙalilan. Sai binciken sa ido, inda ake kwatanta masu cuta da marasa ita, ko a bi jama'a tsawon shekaru a ga abin da zai same su. Sai gwajin ƙuri'a. A can ƙoli kuma akwai bitar da ke tattaro dukkan gwaje-gwajen da aka taɓa yi kan tambaya guda.

Matakalar jagora ce kawai, kuma masu riƙe ta kamar doka sukan yi kuskure. Akwai tambayoyin da ba za a taɓa amsa su da ƙuri'a ba. Ba zai yiwu a sa dubban mutane shan taba na shekaru 30 domin a ga ko za su kamu da sankarar huhu ba. Richard Doll da Bradford Hill sun nuna alaƙar ne a 1950 ta hanyar kwatanta marasa lafiya a asibitocin London, sannan daga 1951 aka bi diddigin likitocin Birtaniya maza fiye da 34,000 har tsawon shekaru 50. Bambancin da aka gani ya yi girman da babu wani dalili na daban da zai iya bayyana shi. Haka nan illar magani da ke samun mutum ɗaya cikin dubu goma ba ta cika fitowa a gwajin mutum dubu biyu ba, sai bayan maganin ya shiga kasuwa ana sa ido.

Bitar tattaro kuwa tana da alaƙa da sunan Archie Cochrane, likita ɗan Scotland wanda ya yi jinyar 'yan uwansa fursunoni a sansanonin Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A littafin da ya wallafa a 1972 ya zargi aikin likita da kashe dukiya kan hanyoyin jinyar da babu wanda ya tabbatar suna da amfani. Bayan rasuwarsa a 1988, aka kafa ƙungiyar Cochrane a 1993, wadda ke da reshe a Najeriya a birnin Kalaba. Aikinta shi ne ta nemo duk gwajin da aka yi kan wata tambaya, wanda ya yi daɗi da wanda bai yi ba, ta tace ingancin kowanne, sannan ta haɗa alƙaluman. Kusan a daidai wannan lokaci, a Jami'ar McMaster da ke Kanada, Gordon Guyatt da David Sackett da abokan aikinsu suka yaɗa tsarin da suka kira aikin likita bisa hujja, wanda aka gabatar wa duniya a wata maƙala ta 1992.

Tambarin ƙungiyar Cochrane ma labari ne. Zane ne na gwaje-gwaje bakwai kan allurar da ake yi wa mace mai shirin haihuwar bakwaini domin huhun jaririn ya yi ƙwari. An yi gwajin farko a New Zealand a 1972. Yawancin waɗanda suka biyo baya ƙanana ne, kowanne shi kaɗai bai isa ya gamsar ba. Sai da aka haɗa su a ƙarshen shekarun 1980 sannan amfanin ya fito fili, bayan jarirai da dama sun rasu a tsakani saboda rashin allurar da ke da arha.

Karanta alƙaluma

Girman gwaji na da tasiri saboda katari. Idan aka jefa kwabo sau goma, kai zai iya fitowa sau bakwai ba tare da an yi wata maguɗi ba. Haka ƙaramin gwaji zai iya nuna amfanin da babu shi, ko ya kasa nuna wanda ke akwai. Shi ya sa rahoto mai inganci kan ba da tazarar da ake jin gaskiya na cikinta, wato daga kaza zuwa kaza. Idan tazarar ta miƙa daga amfani mai yawa har zuwa cutarwa, to gwajin bai amsa tambayar ba.

Akwai kuma yadda ake faɗin adadi. A gwajin AQUAMAT, mace-mace sun sauka daga kashi 10.9 cikin ɗari zuwa kashi 8.5. Ana iya cewa artesunate ya rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari, kuma gaskiya ne. Ana iya cewa ya rage ta da maki 2.4, shi ma gaskiya ne. Hanya ta uku, wadda ta fi amfani ga mai tsara kasafin asibiti, ita ce a ce duk yara 41 da aka yi wa artesunate a maimakon kwinin, an ceci ran ɗaya. Masu tallar magani, da kuma masu rubuta kanun labarai, sun fi son adadin farko saboda ya fi cika baki. Maganin da aka ce ya rage haɗari da rabi zai iya kasancewa ya sauke shi ne daga mutum biyu cikin dubu goma zuwa ɗaya.

Binciken da ba ya fitowa

Ko bitar tattaro ba ta wuce abin da aka zuba mata. A 2008 wasu masu bincike suka duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa 12 da aka yi wa rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Hukumar ta ga 38 sun nuna amfani, kuma an wallafa 37 daga cikinsu. Sauran 36 ba su nuna amfani a fili ba: 22 ba a wallafa su ba sam, 11 kuma an wallafa su ta yadda mai karatu zai ɗauka sun yi nasara. Likitan da ya dogara da mujallu zai ga kashi 94 cikin ɗari na gwaje-gwajen sun yi kyau, alhali a lissafin hukumar kashi 51 ne. Domin toshe wannan kafa ne manyan mujallun likitanci suka sanar a 2004 cewa ba za su wallafa gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a tun farkonsa ba. Don haka sanin wanda ya ɗauki nauyin bincike, da abin da aka yi alkawarin aunawa tun farko, na daga cikin abubuwan da ake dubawa.

Sunan mujalla ma ba tabbaci ba ne. Lancet ce ta wallafa rahoton Andrew Wakefield a 1998, wanda ya jawo zargin alaƙa tsakanin allurar rigakafin MMR, mai kare yara daga ƙyanda da wasu cututtuka biyu, da lalurar galahanga. Yara 12 ne kacal a cikinsa, babu rukunin kwatance. Wani bincike a Denmark kan yara fiye da 537,000 da aka wallafa a 2002 bai ga wata alaƙa ba. Mujallar ta janye rahoton a 2010, aka kuma soke lasisin Wakefield na aikin likita a Birtaniya, amma a lokacin iyaye da yawa sun riga sun ƙaurace wa allurar.

Annobar korona ta maimaita darasin cikin 'yan watanni. A watan Maris na 2020 wani rukuni a birnin Marseille na Faransa ya ba da rahoton cewa hydroxychloroquine na kawar da ƙwayar cutar. Mutum 36 ne aka yi lissafi da su, babu ƙuri'a, kuma an cire wasu da suka sha maganin daga lissafin, ciki har da wanda ya mutu da waɗanda aka kai sashen kulawa ta musamman. Bayan da shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yaba wa maganin, jama'a suka yi ta rububin sayen chloroquine, har hukumomin jihar Legas suka sanar a watan cewa an kwantar da mutanen da suka sha fiye da kima. A watan Yuni gwajin RECOVERY na Birtaniya, kan mutane fiye da 4,600, ya nuna maganin ba ya rage mutuwa. Wannan gwajin ne kuma ya gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai arha, na rage mutuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, ko da yake bai amfani waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin ba. An janye rahoton Marseille a watan Disambar 2024. A ɗaya ɓangaren ma an yi abin kunya: wani rahoto da ya ce hydroxychloroquine na kashe mutane, bisa bayanan marasa lafiya 96,000 da wani kamfani ya ce ya tattara, an janye shi cikin makonni biyu saboda an kasa tabbatar da bayanan.

Ko ya dace da nan?

Ga ma'aikacin lafiya a Kano ko Maraɗi, a nan ne gizo ke saƙar. Gwaji zai iya zama mai inganci ta kowace fuska amma an yi shi kan wasu mutane, a wani irin asibiti. Tun a 2005 gwajin SEAQUAMAT a ƙasashen Asiya huɗu ya nuna artesunate ya fi kwinin, amma yawancin waɗanda aka gwada manya ne, kuma zazzaɓi mai tsanani kan zo wa yaran Afirka da wata siga. Wannan ne ya sa aka sake gwaji a nahiyar.

Wani lokaci sake gwajin kan zo da abin mamaki. A ƙasashe masu arziki an saba, idan yaro ya zo da zazzaɓi mai zafi jininsa ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa mai yawa cikin gaggawa ta jijiya. Gwajin FEAST, kan yara 3,141 a Uganda da Kenya da Tanzaniya, an shirya shi ne da fatan tabbatar da amfanin wannan hanya a asibitocin da ba su da sashen kulawa ta musamman. An dakatar da shi a farkon 2011. Cikin sa'o'i 48, kimanin kashi 10.5 cikin ɗari na yaran da aka ɗura wa ruwan sun rasu, idan aka kwatanta da kashi 7.3 na waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa sannu a hankali. Likitocin da ke wurin da idonsu suka ga yaran na farfaɗowa bayan ɗurin, kuma da ba don lissafin ba da babu abin da zai sa su yi shakka. Gwajin bai haɗa da yara masu gudawa ko tamowa mai tsanani ko ƙuna ba, saboda haka sakamakon bai shafi yaron da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki ba.

Allurar bakwaini da ke tambarin Cochrane ita ma ta sha irin wannan jarrabawa. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2015, wanda ya faɗaɗa amfani da ita zuwa ƙananan cibiyoyi da unguwanni a ƙasashe shida masu ƙaramin ƙarfi, ya ga mutuwar jarirai ta ƙaru. A wuraren ba a iya tantance watannin ciki daidai, don haka aka yi wa mata da yawa da ba bakwaini za su haifa ba. Da WHO ta sake gwaji a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, ciki har da Najeriya, inda ake duba ciki da na'ura kuma akwai kulawar jarirai, sakamakon 2020 ya nuna mutuwar jarirai ta sauka daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin ɗari. Maganin ɗaya ne, wurin da aka ba da shi ne ya bambanta.

Daga hujja zuwa shawara

Tsarin da WHO da Cochrane da hukumomi da dama ke amfani da shi a yau wajen haɗa duk waɗannan tambayoyi shi ne GRADE, wanda aka fara aikinsa a shekarar 2000. Yana raba tabbacin hujja mataki huɗu: mai ƙarfi, matsakaici, mai rauni, da mai rauni ƙwarai. Gwajin ƙuri'a kan fara daga sama, amma a sauke shi idan an yi sakaci a tsarinsa, ko gwaje-gwajen sun saɓa wa juna, ko mutanen da aka gwada ba irin waɗanda ake magana a kansu ba ne, ko alƙaluman sun yi kaɗan, ko ana zargin an ɓoye wasu sakamakon. Binciken sa ido kan fara daga ƙasa, amma a ɗaga shi idan bambancin ya yi girma irin na taba. WHO ta kafa kwamitin tantance ƙa'idojinta a 2007, shekarar da wani nazari ya nuna shawarwarinta da yawa sun dogara ne ga ra'ayin ƙwararru.

Tsarin ya raba ƙarfin hujja da ƙarfin shawara, domin bayan amfani akwai illa da tsada da abin da jama'a za su karɓa. Jamhuriyar Nijar ta ba da misali. Gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018 ya raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azithromycin sau biyu a shekara, ƙauye-ƙauye bisa ƙuri'a. Mutuwar yara ta ragu da kashi 18.1 cikin ɗari a yankin Dosso na Nijar, amma kashi 5.7 ne a Malawi, 3.4 a Tanzaniya. Ga kuma fargabar cewa yawan raba maganin zai sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa. A 2020 WHO ta ƙi amincewa a raba wa kowa, ta ba da shawara mai sharaɗi ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 a wuraren da mace-macen yara suka yi yawa. Gwajin AVENIR, shi ma a Nijar, ya nuna a 2024 cewa ba dukkan yara 'yan wata 1 zuwa 59 ya rage mutuwa da kashi 14 cikin ɗari, yayin da ba jarirai kaɗai bai nuna ragi tabbatacce ba.

Yadda aka samo hujja ma na cikin abin dubawa. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano kan yara kimanin 200, inda 11 suka rasu, biyar a rukunin Trovan, shida a rukunin maganin da aka kwatanta da shi. Iyaye da gwamnati sun yi zargin ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma an rage yawan maganin kwatancen. Kamfanin ya musanta aikata ba daidai ba, sannan a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar Kano kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a wasu jihohin arewa a 2003, labarin Trovan na cikin abubuwan da aka riƙa ambata.

Samun hujja mai ƙarfi kuma ba ya nufin ta isa gadon asibiti. Tun a 1995 wani gwaji na ƙasa da ƙasa ya nuna magnesium sulphate ya fi diazepam hana maimaituwar jijjigar masu ciki, kuma a 2002 gwajin Magpie, kan mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin fara jijjigar da kashi 58 cikin ɗari. Maganin na da arha, amma asibitoci da yawa sun ci gaba da diazepam saboda rashinsa a kantin magani da kuma rashin horar da ma'aikata kan yadda ake ba da shi. A 2008 aka shigar da shi manyan asibitoci goma na jihar Kano tare da horar da likitoci da ungozomomi. Rahoton aikin ya ce mace-macen matan da suka zo da lalurar sun sauka daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa 2.3. Wannan kwatancen kafin da bayan ne, babu ƙuri'a a cikinsa, kuma horon da kulawar da suka zo tare da maganin na iya ɗaukar wani kaso na nasarar.